Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Duk wanda ya bi hanyar motar da ta tashi daga Nguru ta nufi Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe, lalle ne ya ratsa ta ƙasar Karasuwa, wadda hedkwatarta take Jajimaji. Daga arewa ƙasa ce ta rairayi, inda ake noman gero da wake da riɗi da guna, daga kudu kuwa ga fadamun Kogin Haɗeja, inda ake noman shinkafa da su da kiwo. Mangawa da Badawa da Hausawa da Filani ne ke zaune cikinta, kowa da harshensa, kowa da sana'arsa. Amma akwai rumfa guda wadda dukansu suke haɗuwa a bakinta, watau rumfar maƙeri. Manomi ba ya shiga gona sai da fartanya, makiyayi ba ya shiga daji sai da gatari, haka masunci da mahauci da wanzami da mai ɗiban ƙaro, kowa da irin ƙarfen da yake ci da shi.

A wani ƙauye da ke gefen wannan hanya akwai wani dattijo maƙeri wanda ya ba shekara 70 baya. Ba shi da sarauta, ko da yake tsararrakinsa sukan kira shi Sarkin Maƙera don tsokana, yara da matasa kuwa Baba suke ce masa. Ƙira gado ce a gidansu, ubansa maƙeri, kakansa maƙeri. Tun yana ɗan shekara 7, in ya taso daga makarantar allo, ake zaunar da shi gindin zugazugi. Ya yi shekaru yana zuga kafin a yarda ya riƙe awartaki, ya daɗa waɗansu shekarun kafin a ba shi masaba. Abin da aka fi saninsa da shi a wannan yanki shi ne gatari da wuƙa. Fartanya da lauje kowane maƙeri yana yi, amma ƙarfen da zai sari busasshiyar aduwa bakinsa bai lanƙwashe ba, bai kuma ɓalle ba, wannan sai wanda ya san wuta.

Rumfarsa ba ta da wani abin kallo. Zana ce bisa 'yan sanduna, ƙasan ya yi baƙi ƙirin saboda tokar shekara da shekaru. Ga uwar maƙera kafe cikin gungumen ice, ga masaba babba da ƙarama, ga awartaki iri uku, ga magagari, ga kaskon ruwa a gefe. Zugazugan fatar akuya da ya gada suna nan rataye, ba a sauke su sai ran da na zamani ya lalace, watau wanda aka haɗa da ƙafar keke da 'yar fanka, yaro na juyawa da hannu ɗaya iska na fita. A zaune yake aiki kamar yadda ya tarar ana yi, kome yana wurin da hannunsa zai kai ba tare da ya ɗauke ido daga wuta ba.

Inda Ƙarfe Ke Fitowa

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. Masu binciken kayan tarihi sun tono wuraren narkar da tama a Taruga, kusa da Abuja, waɗanda suka yi kimanin shekara 2,500. Labarin kafuwar Kano ma da maƙera ya fara, gama an ce neman tama ne ya kawo Abagayawa gindin Dala. A wancan zamani sai an haƙo tama, an gina murhu na yumɓu, an cika shi da tama da gawayi, an daɗe ana ba shi wuta, sa'an nan a ciro curin ƙarfe cakuɗe da kashin maƙera, a yi ta duka har ya tsarkaka. Saboda wannan wahala ƙarfe ya yi daraja ƙwarai, ba a yar da tsohuwar fartanya, sai dai a mai da ita lauje, lauje in ya cinye a mai da shi basilla. Sarakuna kuma ba su wasa da maƙera. Nguru tsohon mazaunin Galadiman Barno ne, mai tsaron yammacin daular, Badawa kuma suna da birninsu mai ganuwa a Gogaram, to ba mashi ko takobi ko linzami ko likkafa da aka fita yaƙi da su sai da suka bi ta hannun maƙeri.

A cikin 1930 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Kano ta iso Nguru, ta tsaya nan. Don gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu aka kawo ta, amma ta zo wa maƙera da abin da ba wanda ya yi shawara da su a kansa. Jirgi da manyan motoci suka kawo tsofaffin ƙarafa masu araha, narkar da tama ta mutu a hankali. Kakan dattijon nan ya yi aiki da ƙarfen tama, ubansa ya tarar da ƙarshensa, shi kuwa a kan ƙarfen mota ya buɗe ido.

Ba kowane ƙarfe ne yake yin abu mai kaifi ba, wannan shi ne karatun farko da ake yi wa ɗan maƙera. Rodin gini da guntun ganga suna yin turken dabba da murfi da maɗauri, amma ba su riƙe kaifi. Ƙarfen da ya fi shi ne sifirin na babbar mota, sai tsohon magagari, sai faifan garmar tarakta. Dalili kuwa shi ne wani sinadari irin na gawayi da ke cikin ƙarfen, wanda masana ke kira kabon. Bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin sifirin ba, amma shi ne yake sa ƙarfe ya yi tauri in an gasa shi an tsoma cikin ruwa. Dattijon bai san wannan suna ba. In ya je Nguru ko Gashuwa sayen ƙarfe, yakan ɗaga guntu ya ƙwanƙwasa ya saurari amonsa, ya goga masa magagari ya ji yadda yake ci, ya duba gefensa da kyau ko akwai tsaguwar da tsatsa ta ɓoye. Sifirin da ya gaji a ƙarƙashin mota yakan ɓoye ciwonsa, ba ya nunawa sai an gama wahala an tsoma shi cikin ruwa, sa'an nan a ji ƙas, aikin yini guda ya tafi.

Yadda Ake Ƙera Gatari

In mutum ya zo ya ce, "Baba, gatari nake so," ba ya miƙa masa wanda ke shimfiɗe a gaban rumfa. Sai ya dube shi ya ce, "Ɗana, me za ka sara da shi?" Gama gatarin Bafillace dabam ne, mara nauyi, wanda zai rataya a kafaɗa ya hau gawo da shi da rani ya sasso wa shanu ganye. Na mai faskare dabam, mai kauri da nauyi, don ya tsaga gungume. Na mai ɗiban ƙaro ɗan ƙarami ne, aikinsa ya ɗaye ɓawon dakwara kaɗai ba tare da ya ji wa icen ciwo ba, don in an zurfafa sara bishiyar ce za ta mutu, ƙaron baɗi ya tafi. Na matan da ke zuwa itace kuma ana rage masa tsawon ƙota. Yakan kuma dubi tsawon mutum da ƙarfin damtsensa, ya lura ko bahago ne.

In an daidaita, sai ya yanko guntun sifirin da ya ɗan ɗara tafin hannu, ya binne shi cikin garwashi, yaro ya kama zuga. Ƙarfe yakan fara da ja mai duhu, ya koma ja wur, ya wuce zuwa ruwan ɗorawa, a nan ne ake ciro shi. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, in ji masu magana, kuma a maƙera aka samo maganar, don wanda ya ci gaba da duka bayan jan ya dushe, tsaga ƙarfen yake yi ta ciki. Dattijon yana riƙe da awartaki a hagu, ƙaramar masaba a dama, wani saurayi yana gabansa da babbar masaba. Inda ƙaramar ta taɓa nan babbar za ta sauka, ba a magana. Gefe ɗaya a ja shi ya yi tsawo ya yi tsini kamar wutsiya, ɗaya gefen a baje shi ya yi faɗi ya zama baki. Ƙarfen yakan koma wuta sau da yawa kafin siffar ta fito, kuma kowace komawa tana cin gawayi tana cin jikin ƙarfen, saboda haka gwanin maƙeri shi ne wanda ya gama da ƙarancin komawa.

Bayan an gyara bakin da magagari sai aikin da ya raba gwani da ɗan koyo, watau ba ƙarfen tauri. Dattijon ba ya yin wannan da tsakar rana, sai da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da hasken rana ba zai ruɗi ido ba. Bakin kaɗai yake gasawa, har ya yi ja irin na garwashi mai rai. Masana sun auna sun ce a wajen digiri 770 mayen ƙarfe yake daina kama ƙarfe, kuma kaɗan sama da nan ne zafin da ake bukata. Shi da ido yake gane wurin. Sai ya tsoma bakin cikin ruwa kamar faɗin yatsa biyu, ya ciro, ya yi maza ya goge shi da dutse, ya zuba ido. Zafin da ya rage a jikin gatarin yakan gangaro zuwa bakin a hankali, launi yana tafe da shi, daga na busasshiyar ciyawa zuwa na ƙasa-ƙasa zuwa irin na wuyan tantabara. Da launin da yake jira ya iso baki sai ya nutsar da gatarin duka. In ya yi gaggawa, bakin zai yi tauri ya ɓalle kamar tangaran ran da ya gamu da ƙulli. In ya yi jinkiri, zai yi laushi ya naɗe kamar gwangwani. Tsakanin biyun bai wuce 'yan numfashi ba.

Sauran ƙota. Gatarin ƙasar nan ba shi da ido irin na Turawa wanda ake zura ice a ciki. Icen ne ake hudawa, ƙarfen ya shiga. Masassaƙi yakan nemo reshen aduwa ko marke mai kai, wurin da reshe ya haɗu da uwar ice, don a nan jijiyoyin icen suka murɗe, ba ya tsagewa da wuri. Maƙeri ya huda kan da jan ƙarfe, ya ɗan gasa wutsiyar gatarin ya zura ta ta ƙona wa kanta mazauni. Hikimar abin ita ce kowane sara yana daɗa tura wutsiyar ciki, gatari yana daɗa zama. Ran da ƙota ta karye a daji, mai shi zai iya sassaƙa wata da bakin gatarin nan, ya hura wuta ya huda ta da wutsiyarsa, ya ci gaba da aiki. In kuma ya huda ta a gicciye, ya sami gizago. Kaya ne na mutanen da ke nesa da kanti.

Wuƙa ma haka take, kowace da aikinta. Ta yanka doguwa ce, kuma ita ce dattijon ya fi ba lokaci, musamman in Babbar Salla ta gabato, domin addini ya yi umurni a kaifafa wuƙa a hutar da dabba. Ta fiɗa gajera ce mai ciki, don kada ta huda fata ta rage mata kuɗi. Akwai ta masunta ta gyaran kifin banda, akwai ta mata ta yankan kuɓewa, akwai ta damtse wadda matafiya da makiyaya ke ɗaurawa, baduku ya yi mata kube. A kan wuƙa kuwa yana da doka guda da ya gada, wadda ya daɗa riƙewa tun da fitina ta auka wa arewa maso gabas, har aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe da Barno da Adamawa cikin 2013. Ba ya ƙera doguwar wuƙa ko barandami ga saurayin da bai san ubansa ba, ko nawa zai biya. Ya rasa ciniki ta haka ba sau ɗaya ba, amma a ganinsa ƙarfen da ya fita daga wutarsa da sunansa yake yawo.

Wannan suna shi ne jarinsa. A da, manomi yakan karɓi fartanya da gatari da bazara, ya biya da damin gero da kaka, har yanzu ma akwai gidajen da yake wannan hulɗa da su. Saboda haka abin da ya sami manomi ya sami maƙeri. A farin 1973 da na 1984 ya ƙera wa mutane kayan aikin da ba a taɓa biyansa ba, bai kuwa bi kowa bashi ba, don ya ga rumbunansu. Waɗanda ya yi wa haƙuri a waɗannan shekaru, jikokinsu ne ke cika rumfarsa yau.

Abin Da Ya Faru A Amurka

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa irin wannan aiki yana da masoya a Amurka, ƙasar da injuna suka yi wa yawa. A ƙarni na 18 da na 19, lokacin da Turawa suke kutsawa yamma suna ƙwace ƙasa daga hannun mutanen da suka tarar, mutumin bakin daji ba ya rabuwa da abu biyu, wuƙa da wani ɗan gatari da ake kira tomahok. Sunan daga harshen mutanen asali na yankin Bajiniya ya fito, na farko kuma da dutse ake yinsu, sai 'yan kasuwar Faransa da Ingila suka kawo na ƙarfe suna musaya da fatun namun daji. Maƙeransu sukan naɗe ƙarfe mai laushi a jikin sanda ya yi ido, su cusa ɗan ƙarfe mai tauri tsakanin leɓɓan biyu, su gasa su buga har su zama ɗaya. Ƙotar ta sama ake zura ta, kanta ya fi idon kauri, saboda haka sara yana daɗa matse ta, in ta karye kuma a sassaƙa wata a daji. Watau matsalar da maƙerin Karasuwa ya warware ta hanyar huda ice, su sun warware ta ta hanyar huda ƙarfe. Wuƙarsu da ta fi suna kuwa ita ce mai sunan Jim Bowie, wanda ya yi wani faɗa da wuƙa a bakin Kogin Misisifi cikin 1827, daga baya masana'antun Shefil ta Ingila suka yi ta ƙera irinta suna aika wa Amurka.

Da masana'antu da mota da tarakta suka yi ƙarfi, maƙerin ƙauye ya kusa ɓacewa a can. Sai da abin ya kusa ƙurewa sa'an nan suka farga. A 1973 waɗansu suka kafa ƙungiyar raya ƙira, a 1976 kuma wani maƙeri mai suna Bill Moran da abokansa suka kafa ta masu ƙera wuƙa da masaba. Suka bi sauran tsofaffin da suka rage suna tambaya, suka buɗe makarantu, suka sa jarrabawa. Mai neman shaidarsu sai wuƙarsa ta datse igiya mai lilo da sara ɗaya, ta sare katako sau biyu, ta aske gashin hannu bayan haka, sa'an nan a lanƙwasa ta ta yi kusurwa ba ta karye ba. A 2015 har aka fara wani shiri na talabijin inda maƙera ke gasa. Amma yawancin tomahok da wuƙaƙen da suke ƙerawa na sha'awa ne, na ajiya da ado da tunawa da kakanni, ana kuwa sayensu da tsada. Abin da su suka kashe kuɗi da shekaru suna tonowa daga kabari, a Karasuwa yana nan da ransa, yana ciyar da mutane, sai dai ba a ɗauke shi a bakin kome ba.

Abubuwa Uku Da Suka Taso Wa Maƙera

Na farko shi ne ƙarfe da kasuwa. Wuƙaƙe masu walƙiya na ƙasar Sin da addunan kamfani sun cika kasuwanni, ga araha ga kyan gani. Dattijon ba ya kushe su duka, ya yarda akwai nagari a ciki. Abin da yake nuna wa mutane shi ne, in ta kanti ta dakushe ko ta karye ba wanda za a kai wa ƙara, sai a yar a sayi wata. Tasa kuwa in baki ya cinye a dawo da ita, ya mai da ita wuta ya ja mata sabon baki da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, gatari ɗaya ya yi wa mutum shekaru har ɗansa ya gada. Ga kuma 'yan gwangwan da ke bi gari-gari suna saye tsofaffin ƙarafa a kan sikeli, ana loda wa manyan motoci zuwa masana'antun narkarwa, har sifirin da a da bakanike ke ba maƙeri kyauta ya zama abin ciniki. A nan akwai abin tunani ga ƙasa baki ɗaya. Tun 1979 aka ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet a kan gina kamfanin ƙarfe na Ajakuta, aka yi fiye da shekara 40 ba a hura babbar tukunyarsa ta narkar da tama ba. Duk tsawon wannan jira, fartanyar da ta noma geron da aka ci a arewa daga ragowar motoci ta fito, ta hannun mutane irin wannan dattijo.

Na biyu shi ne gawayi, kuma shi ne ya fi ci masa rai. Ba kowane gawayi ne ke ƙira ba. Na ƙirya shi ne sarki, don yana da nauyi, yana da zafi, ba ya saurin zama toka. Yana yaro, ƙirya ba ta fi tafiyar hantsi daga ƙauyensu ba. Yau sai an yi sa'a a samu a kasuwa, an kawo daga nesa, sauran lokaci da na kowane ice yake fama, wanda ke tartsatsi yana cinyewa kafin ƙarfe ya nuna. Ya kuwa san abin da ya sare ƙiryar, gama da hannunsa ya ƙera shi. Fari ya yi nasa, yawan jama'a da faɗaɗa gonaki sun yi nasu, buhunan gawayin da ake kai wa birane sun yi nasu, amma ba bishiyar da ta faɗi sai da gatari. Ga tuddan rairayi a ƙasar Yusufari, maƙwabciyarsu, suna nuna inda abin ya nufa. Saboda haka in ya miƙa wa saurayi sabon gatari yakan haɗa masa da gargaɗi, ya ce a sassabe reshe a bar uwa, busasshe a sara, ɗanye a ƙyale. Waɗansu su ji, waɗansu su yi dariya.

Na uku shi ne magaji. 'Ya'yansa maza sun iya zuga, sun iya riƙe babbar masaba, amma babban ya buɗe shagon walda a Nguru yana yin ƙofofi da tagogi, na biyu yana tuƙi. Bai hana su ba, don ya san abin da rumfar ke kawowa ba zai riƙe gida uku ba, ya kuma san yadda 'yan mata ke kallon saurayin da ke yini cikin toka. Saurayin da ke buga masa babbar masaba yanzu ɗan ƙaninsa ne, mai juya fanka kuwa jikansa ne, in ya taso daga makarantar boko. Dattijon yana son yaron ya yi karatu mai zurfi. Damuwarsa ita ce abin da ke cikin idonsa da kunnensa ba a rubuce yake ba. Ana iya rubuta digiri 770 a littafi, amma gane jan da ya dace a cikin inuwar rumfa, da jin amon ƙarfe mai ciwo, sai an zauna shekaru kusa da wanda ya sani. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In tsara guda ta tsallake, sai a koma irin neman da Amurkawa suka yi, ga shi kuwa nan ba wanda ya tanadi kuɗin yin haka.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Ba wanda ke cewa a tsai da zamani. Maƙeran da kansu ba su tsaya ba, su ne suka bar tama suka kama sifirin, suka rataye fatar akuya suka ɗauki ƙafar keke, su ne kuma ke ƙera garmar shanu da gyaran kurar da ake dakon amfanin gona da ita. Taimakon da suke bukata ba mai yawa ba ne. Yobe tana cikin jihohi 11 da shirin nan na dasa katangar itatuwa don tare hamada ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ya kamata masu raba dashe su tuna da ƙirya da marke da aduwa, kada a tsaya kan darbejiya kaɗai, a kuma keɓe wa maƙeran kowace gunduma fili su dasa su yi tsaro, don ba wanda zai fi su kishin icen. Ƙananan hukumomi in za su raba wa manoma kayan aiki, su fara ba maƙeran ƙasarsu kwangila kafin su aika birni. Makarantun koyon sana'a, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a Gashuwa cikin 2013, su gayyato irin waɗannan dattawa su koyar, a zauna da su a rubuta sunayen kayan aikinsu da hanyoyinsu da Hausa da Manganci da Badanci tun suna da rai, masana kuma su nuna musu abin da awo ya gano game da ƙarfe. Sarakuna su riƙa ɗaga darajar Sarkin Maƙera a bainar jama'a, a ji kiɗan dundufa ran salla, don yaro ya ga cewa gidansu gidan abin alfahari ne.

Sauran kuwa yana hannun mai saye. Magidancin da zai sayi wuƙar layya bana, ko gatarin gida, ya taka zuwa rumfar maƙerin garinsu, ya faɗi aikin da zai yi, ya biya kuɗin da ya dace ba tare da ya yi ta taya abin kamar na tsintuwa ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙasar da ta bari maƙeranta suka ƙare ta koma aro ke nan, mai aro kuwa sai lokacin da mai kaya ya ga dama yake sara.

Allah ya albarkaci sana'a da masu yinta, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.